Shekara Tara Ina Renon Yara, Yanzu An Ce Sai Na Je Bita

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Kano, shekaruna sun kusa arba'in, 'ya'yana biyar. Shekara tara ke nan ina aiki a sashen reno na wata makarantar kuɗi, inda ma'aikata da 'yan kasuwa ke ajiye yaransu, daga 'yan wata shida zuwa 'yan shekara uku. Na gama sakandare amma ban ci Turanci da Lissafi ba, daga nan aka yi mini aure.

A zangon da ya wuce wani yaro ɗan shekara biyu ya ƙware da gyaɗar da uwarsa ta sako masa a jaka. Na ga idonsa ya firfito, ko kuka ba ya iya yi, sai na zura yatsa a bakinsa ina lalube. Allah ya taimaka ya yi kakari ya amayo ta. Akwai wata yarinya mai NCE, wato takardar shaidar malanta, da aka ɗauko mana kwanan nan, na kusa haifarta. A gaban sauran ma'aikata ta ce wai abin da na yi zai iya kashe yaron. Tun ranar ba na samun barcin kirki, kuma ko ganinta ba na son yi.

Yanzu Hajiya mai makaranta ta ce dole kowa ya halarci wata bita ta Asabar uku, kuma a albashinmu za a cire kuɗin, ya kusa rabin albashina na wata. Wadda ba ta je ba ta nemi wani aikin. Da na faɗa wa maigida sai ya ce: "Reno ma sai an koya miki? Wa ya koya miki na biyar ɗin da kika haifa?" Ya ƙara da cewa Asabar ce kaɗai ranar da nake wuni da Inna, mahaifiyarsa, mai fama da shanyewar ɓarin jiki. Akwai kuma abin da ban faɗa wa kowa ba: ina tsoron a yi bitar da Turanci, a jefo mini tambaya a gaban ƙananan yara in kasa amsawa. Wata zuciyar tana ce mini in ajiye aikin in buɗe nawa renon a gida, tunda iyaye da yawa sun san ni. Anti, yaya zan yi?

Wata mai reno, daga Kano

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kafin komai, alhamdu lillahi da yaron nan ya tashi. Rashin barcin da kike yi kuwa na san daga inda ya fito. Kin ga rai yana neman fita a hannunki, kuma ran ɗan wasu da suka damƙa miki da safe suka tafi neman abinci. Wadda ta shiga irin wannan hali ta je ta kwana lafiya lau kamar babu abin da ya faru, ita ce ya kamata iyaye su ji tsoron bar wa yaro. Saboda haka kada ki ɗauki wannan damuwar a matsayin rauni. Ita ce ta sa nake da tabbacin cewa shawarar da zan ba ki za ta zauna a inda ya dace.

Shawarata ita ce ki je bitar. Amma ba ido rufe ba, ba kuma a kan duk sharaɗin da aka gindaya miki ba. Bari in fara da abin da ya fi miki ciwo, wato maganar yarinyar nan.

Gaskiya ta faɗa. Na san ba za ki ji daɗin jin haka daga bakina ba, amma ɓoye miki zai zama cin amanar yaran da ke hannunki. Idan abu ya maƙale wa yaro a maƙogwaro aka zura yatsa ana lalube ba tare da ana ganin abin ba, yatsan yakan ƙara tura shi can ciki ya toshe hanyar numfashi gaba ɗaya. Abin da masu koyar da agajin gaggawa ke koyarwa daban ne. Muddin yaro yana iya tari da ƙarfi, a bar shi ya yi tarinsa ana tsaye a kansa. Idan tarin ya gagara, ba sauti, ba kuka, to jaririn da bai kai shekara ɗaya ba a kifa shi a kan hannu ko cinya, kansa ya yi ƙasa da ƙirjinsa, a bubbuga tsakanin kafaɗunsa da gindin tafin hannu har sau 5. In abin bai fito ba a juyo shi a danna tsakiyar ƙirjinsa da yatsu biyu har sau 5, a riƙa sauyawa. Wanda ya wuce shekara ɗaya, irin yaron nan da ya ƙware a hannunki, bayan bugun baya sai a tsaya ko a durƙusa a bayansa, a ɗora dunƙulallen hannu tsakanin cibiya da ƙasan ƙirji a fizgo ciki da sama, yayin da wani ya ruga neman abin hawa zuwa asibiti. Na rubuta miki wannan ne don ki ga girman abin, ba don ki ɗauka kin iya ba. Ba a koyonsa a shafin waya. Sai hannunki ya gwada a jikin 'yar tsanar da ake koyarwa da ita, mai koyarwa yana gyara miki wurin da za ki dafa da ƙarfin da za ki sa, har ya zama ranar da tashin hankali ya zo hannun ne zai tuna ko da kai ya ɗaure.

Inda ta yi kuskure shi ne wurin da ta zaɓa ta yi maganar. Ba a gyara wa babba a tsakar jama'a, balle a lokacin da jikinsa ke rawa. Da ta jira kin natsu ta ja ki gefe ta ce, "Anti, ga yadda aka koya mana," da yanzu addu'a kike mata. Amma ki duba ta nata ɓangaren. Sabuwa ce, ta ga abin da aka ja musu kunne a kansa a aji yana faruwa a gabanta, ita ma a firgice take, kuma tsoro yakan fito da magana ba tare da an tace ta ba. Ina so ki kira ta ku biyu, ki ce mata maganarta ta yi miki zafi saboda wurin da ta yi ta, sannan ki ce ta nuna miki abin da aka koya musu. Ba za ki ragu da komai ba. Ita ma tana da buƙatarki fiye da yadda take nunawa: ba ta san yadda ake gane kukan yunwa da na ciwon kunne ba, ba ta san yadda ake lallashin ɗan da aka yaye jiya aka kawo shi yau ba, ba ta san yadda ake yi wa uwa maganar ƙazantar kayan ɗanta ba tare da an ɓata ba. Waɗannan shekara tara ce ta ba ki su, kuma babu bitar da za ta ba ta su a Asabar uku.

Yanzu ga tambayar maigida, domin tambaya ce mai ma'ana, kada ki ɗauke ta raini kawai. Wa ya koya miki renon biyar ɗin da kika haifa? Uwarki da kakarki da matan gida, kuma sun koya miki da kyau. Sai dai renon ɗanka ɗaya a ɗakinka, wanda ka san jininsa da abin da jikinsa ba ya so, daban yake da tara yara goma ko fiye daga gidaje daban-daban a ɗaki guda. A gida mura ta yaro ɗaya ce. A ɗakin reno kuwa gudawar yaro ɗaya ta kowa ce kafin mako ya zagayo, idan mai canza ƙunzugu ba ta wanke hannu da sabulu ba kafin ta ɗauki cokalin wani. Kina Kano, kin ga yadda mashaƙo ya yi ɓarna a 2023, kuma yawancin yaran da ya kama ba su kammala rigakafi ba. Mai renon da aka koya wa duba katin rigakafi ranar karɓar yaro, da gane alamun ƙyanda ko ciwon maƙogwaron da ba na wasa ba, da ware yaro mai zazzaɓi har iyayensa su zo, tana tsare ɗaki guda ne, ba yaro ɗaya ba.

Sannan akwai abubuwan da muka gada da zuciya ɗaya, waɗanda likitoci suka gano suna cutarwa. Yaro ya kama jijjiga saboda zafin zazzaɓi, sai a cusa masa cokali a baki don kada ya ciji harshe, ko a ɗura masa ruwa. Abin da ya dace shi ne a kwantar da shi ta gefe, kada a sa komai a bakinsa, a lura da tsawon lokacin da ta ɗauka, a kai shi asibiti, domin a ƙasarmu zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau duk suna iya zuwa da wannan siffa. Yaro ya sha kananzir da aka zuba a gorar lemo, sai a ba shi manja don ya yi amai, alhali aman ne ke kai kananzir ɗin cikin huhu. Ana lasa wa jariri zuma da kyakkyawar niyya, amma likitoci sun hana ba da ita ga wanda bai cika shekara ɗaya ba. Ana kifa jariri ya yi barci a kan cikinsa don ya fi daɗewa, alhali kwanciyar rigingine ce ta fi aminci. Akwai kuma abin da nake jin zafinsa ƙwarai, wato masu ɗura wa yara maganin mura mai sa barci don ɗaki ya yi shiru. Ban ce kina yi ba. Ina cewa ne mai renon da ta samu horo tana da bakin da za ta hana idan ta ga ana yi, kuma ta san ba a ba ɗan wani magani sai da umarnin ma'aikacin lafiya da sanin iyaye. Gyaɗar nan ma da ta jawo komai, ba a ba yaro ɗan ƙasa da shekara 5 ita ƙwaya-ƙwaya. Da makarantarku na da ƙa'idar duba jakar abinci da safe, da ba a kai ga yatsanki ba. Saboda haka laifin ranar nan ba a wuyanki kaɗai yake ba.

Bita mai kyau ba ta tsayawa kan haɗari. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da Bankin Duniya suka fitar da wani tsari na kula da ƙananan yara, wanda ya tsaya kan abubuwa biyar: lafiya, abinci mai gina jiki, tsaro, damar koyo tun da wuri, da kulawar da ke amsa buƙatar yaro a lokacin da ya nuna ta. Na ƙarshen nan kin daɗe kina yinsa. Jariri ya yi gwalantu kin amsa masa, ya nuna abu da yatsa kin faɗa masa sunansa, kin yi masa tawai da waƙar rarrashi. A shekarun nan uku na farko ƙwaƙwalwa ke girma da saurin da ba za ta sake yin irinsa ba, kuma da irin wannan hirar take ginuwa, ba da tilasta wa ɗan shekara biyu riƙe fensir don iyaye su ga littafi ya cika ba. Idan kika zauna a bitar za ki ji ana ba abubuwan da kike yi kullum suna da dalili, kuma daga ranar za ki iya kare su a gaban uwar da ta zo tana ƙorafin ɗanta wasa kawai yake yi.

To, yadda za ki tunkari maigida. Kada ki je masa da maganar satifiket ko ta barazanar kora, domin zai ji kamar Hajiya ce ke juya masa gida. Ina zaton ma bai san labarin yaron nan yadda ya faru ba. Ki zauna da shi lokacin da ya ci ya huta, ki ba shi labarin tiryan-tiryan, har da rashin barcinki. Ki tambaye shi: da yaron ya mutu a hannunki, ina za ku sa kanku, da iyayensa da hukuma? Ki tuna masa hadisin da ya sani, cewa kowannenmu makiyayi ne kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Ki ce masa abin da za ki koyo gidansa zai fara amfana, domin autarku da jikokin da ke tafe su ma suna ƙwarewa, su ma suna zazzaɓi.

Maganar Inna kuwa haƙƙi ce, kada ki yi wasa da ita. Mai shanyewar ɓarin jiki tana buƙatar a juya ta, a ba ta abinci a tsanake, a kama ta zuwa bayi, kuma ɗanta yana da dalilin damuwa. Saboda haka kada ki je neman izini hannu rabbana, ki je da tsari a shirye. Asabar uku ce, ba shekara ba. Wa zai zauna da ita daga safe zuwa la'asar? 'Yarki babba, ko ƙanwar maigidan, ko matar ɗan'uwansa? Ki yi magana da su tukuna, ki dafa abincin Inna ki gyara ta kafin ki fita, ki rama mata wunin ranar Lahadi. In da hali ki fara sanar da ita kanta ki nemi albarkarta. Tsofaffi sukan fi 'ya'yansu saurin fahimtar irin wannan, kuma idan ta ce "bar ta ta je," magana ta ƙare. Ki ba shi sunan wurin da lokacin tashi, in ya so ya kai ki da kansa. Idan duk da haka ya cije, ki nemi wanda yake jin nauyinsa, yayansa ko malaminsa, ya sa baki. Abin da ban yarda ki yi ba shi ne fita a ɓoye da sunan biki ko dubiya. Ranar da ya gano, bitar da aikin duk za su tafi, yarda kuma ta bi su.

Sai Hajiya mai makaranta. Ta yi daidai da ta farka bayan abin da ya faru, kuma ba ita ta ƙirƙiro buƙatar ba. Tun dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 aka shigar da kula da ƙananan yara cikin tsarin ilimi na ƙasa, kuma hukumar NERDC mai tsara manhaja ta fitar da mafi ƙarancin ƙa'idojin da ake so cibiyoyin reno su cika. Mai makarantar da ke son ta tsaya da ƙafarta dole ta horar da ma'aikatanta. Inda ban bi ta ba shi ne ɗora muku kuɗin gaba ɗaya, a cire lokaci guda, da barazana a kai. Makarantarta ce za ta fara cin moriyar horon, ita za ta riƙa gaya wa iyaye cewa masu renonta ƙwararru ne. Adalci shi ne ta biya, ko aƙalla a raba. Ki sani kuma Dokar Ƙwadago ta Najeriya ba ta yarda jimillar abin da za a cire daga albashin ma'aikaci a wata guda ya wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Ban ce ki je kina karanta mata doka a ofis ba, wannan zai iya ƙare zaman tun ba a fara ba. Ki riƙe shi a zuciyarki don ki san roƙonki ba alfarma ce zalla ba. Ku haɗu ku biyu ko uku, har da mai NCE ɗin in ta yarda, ku same ta cikin girmamawa. Ku fara da godiya a kan shirya bitar, ku ce kuna so ku je, sannan ku roƙi makaranta ta ɗauki rabi, sauran a rarraba shi a watanni uku ko huɗu.

A zaman nan ne kuma za ku yi tambayoyin da na fi damuwa da su, domin ba kowace bita ce bita ba. Akwai masu kama zauren otal, su karanta allo na awa biyu, a ci shinkafa, a ɗauki hoto, a raba takarda mai ado, kowa ya watse bai ƙaru da komai ba. Ku tambaya: su wane ne masu koyarwar, daga ina suke? Akwai ma'aikaciyar jinya ko wanda ya ƙware a agajin gaggawa a cikinsu? Za a gwada da hannu, ko sauraro ne kawai? Mutum nawa ne a aji? Sunan wa zai fito a takardar shaidar, kuma za a ba ki ita a hannunki ko makaranta za ta riƙe? In da kuɗinki a ciki, takardar taki ce. Idan amsoshin ba su gamsar ba, ku kawo wa Hajiya mafita maimakon ƙi. Ƙungiyar Red Cross ta Najeriya tana da reshe a kowace jiha kuma koyar da agajin gaggawa aikinta ne, ana iya zuwa ofishinsu a tambayi yadda za su horar da ma'aikatan makaranta. Ana iya gayyato ma'aikaciyar lafiya daga asibitin unguwa ta zo makarantar bayan an tashi, ta yi muku bayanin rigakafi da haɗa ruwan gishiri da sukari da tsaftar abinci. Wannan ma zai iya warware matsalar Asabar ɗin baki ɗaya. A kuma leƙa ofishin SUBEB, wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, ko na ilimi na ƙaramar hukuma a tambayi jami'in da ke kula da sashen ƙananan yara ko akwai horon da masu zaman kansu za su iya shiga.

Na zo kan sirrin da kika ba ni, tsoron Turanci. Na gode da kika faɗa, domin ina jin shi ne ainihin abin da ya tsaya miki a rai, sauran duk sun zo sun same shi ne. Ki sa tambayar harshe cikin tambayoyin da za a yi wa Hajiya, ba sai kin ce don ke ba ne. A Kano ake bitar, yaran da kuke reno da Hausa suke kuka, iyayensu da Hausa suke ƙorafi, babu dalilin da zai hana a yi bayani da Hausa ko a riƙa fassarawa. Ina tabbatar miki ba ke kaɗai ce za ki shiga zauren da wannan fargaba ba, sai dai kowa ta yi shiru tana zaton ita kaɗai ce. Ki zauna a gaba. In an faɗi abin da ba ki gane ba ki ɗaga hannu ki ce, "Malama, a maimaita mana da Hausa." Mai koyarwar da ta san aikinta za ta ji daɗi, don burinta a tashi an iya. Ki nemi izini ki naɗi muryar darasin a wayarki ki sake saurara a gida. Idan aka zo gwaji da hannu kuwa, babu ruwan 'yar tsana da Turanci, kuma hannun da ya shekara tara yana ɗaukar jarirai zai riga na kowa kamawa.

Akwai abin da nake so ki sani tun yanzu don kada ki sa rai inda ba shi ba. Takardar halartar bita ba ta zama NCE. Mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Najeriya ita ce NCE, da ita ake rajista da hukumar TRCN mai rajistar malamai, kuma shi ya sa za ki ci gaba da ganin ana ɗauko yara ana ɗora su a kanki komai daɗewarki. In kina son wannan ya canza, hanyar tana da tsawo amma a buɗe take, kuma shekara arba'in ba ta rufe ta ba. Matakin farko shi ne gyara Turanci da Lissafin nan. WAEC da NECO duk suna da jarrabawar masu zaman kansu da ake yi ba sai ta makaranta ba. Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano, wadda aka kafa tun 1980 zamanin Gwamna Abubakar Rimi, tana da cibiyoyin mata, ki je ki tambayi ajin da ya dace da ke. Bayan nan kwalejojin ilimi da dama suna da sashen nazarin kula da ƙananan yara a matakin NCE, wasu da tsarin karatun wucin gadi na masu aiki. Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, mai hedikwata a Kaduna, an kafa ta a 1976 musamman don malaman da ke bakin aiki su yi karatu daga nesa, ki tambayi ofishinsu na jiha kwasa-kwasan da suke bayarwa a yanzu. Ba na so ki kai wa maigida wannan maganar tare da ta bita. A bi su ɗaya bayan ɗaya. In ya ga amfanin Asabar uku da idonsa, maganar jarrabawa za ta fi sauƙin shiga.

Saura batun buɗe naki a gida. Ban kashe miki wannan buri ba, ina ma ganin kina da abin da ake buƙata, tunda iyaye sun yarda da ke, kuma yarda ita ce jarin wannan sana'a. Amma kada ki yi shi yanzu, kuma kada ki yi shi don gudun bita ko don haushin wata yarinya. A makaranta, ranar da yaro ya ƙware akwai wasu manya a kusa, akwai mai makaranta da za ta tsaya gaban iyaye. A gidanki ke kaɗai ce, ga Inna a kwance tana kira, ga girki a wuta. Duk abin da ba ki iya ba zai bi ki can, kuma babu wanda zai raba nauyin da ke. Ki riƙe aikinki da albashinki tukuna, ki yi bitar, ki karɓi takardarki, ki lura da yadda ake rubuta sunan yaro da lambar iyayensa da abin da jikinsa ba ya so da wanda aka yarda ya zo ɗaukarsa. Ki riƙa ajiye wani abu a adashi da wannan niyya. Idan lokacin ya yi, ki fara zuwa hukumar da ke kula da makarantu masu zaman kansu ta jiha ki ji sharuɗɗan rajista, ki zagaya gidan da idon mai rarrafe, ki rufe rijiya da murfi mai kwaɗo, ki kawar da bokitin ruwa da kananzir da magungunan Inna daga inda hannu zai kai, ki killace murhu da janareta. Sannan ki samu mataimakiya ko da guda ɗaya ce, ita ma ki tabbatar ta koyi agajin gaggawa, kuma ki fara da yara kaɗan waɗanda idonku zai iya ɗauka a lokaci guda.